Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Albam a Ɗakin Kaka

Assalamu alaikum. Masu cewa na yanke labari a tsakiya makon jiya, ku yi haƙuri, barci ne ya ci ƙarfina. Mun tsaya a ranar da na shiga Keke daga Taminus zan koma Unguwar Rogo a nan Jos, direban ya kunna waƙa, na ji muryata tana amshi, matar da ke gefena tana bi tana kaɗa kai. Ita ba ta san ni ba, ni kuma ba ni da abin da zan nuna mata in ce ni ce. Shekara uku ina amshi a sutudiyo, dubu biyu kowace waƙa, wani lokacin ma a ce in dawo gobe, sunana bai taɓa fitowa ko a gindin fosta ba. Kun kuma ji zaman da aka yi a zauren gidanmu, inda Kawu ya kafa sharuɗɗansa uku: ba rawa, ba hawa dandamali da dare, ba bidiyo da namiji. Baba bai ce uffan ba har aka shafa fatiha.

Ranar 14 ga Fabrairun 2022 malaman jami'a suka tafi yajin aiki. Aka ce na gargaɗi ne, wata ɗaya. Ba a janye shi ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Ina aji uku a lokacin. Ƙawayena wasu suka shiga koyon ɗinki, biyu suka yi aure, ni kuwa na ɗauko jitata daga ƙarƙashin gado da littafin da nake rubuta waƙa a ciki tun ina sakandare, na ƙirga na ga ina da guda 14 waɗanda ban taɓa rera wa kowa ba.

Akwai wani ɗan ajinmu da zan riƙa kira Mai Fiyano, tunda ban nemi izinin faɗin sunansa ba. Ɗan Birom ne daga wajen Bukuru, shi ke kaɗa fiyano a cocinsu tun yana yaro. Yana ce min Hajiya, ina ce masa Oga. Hausarsa irin ta tsakiyar Jos ce, mace da namiji duk "ya zo", amma kunnensa a kiɗa, sai dai a ce Masha Allah. A ƙarshen 2021, muna zaune a bayan aji, ya miƙo min iyafis ɗaya ya ce in saurara. Wata 'yar Landan ce, Arlo Parks, haihuwar shekarar 2000, wato ma na girme ta da shekara guda. Tana da jinin Najeriya da na Chadi da na Faransa. Albam ɗinta na farko ya fito a Janairun 2021, a watan Satumba ya ci kyautar Mercury, wadda ake ba albam ɗin da ya yi fice a shekara a Birtaniya da Ailan. Ni dai abin da ya tsaya min a rai shi ne muryarta. Ba ta ɗagawa ko kaɗan, kamar tana zaune a bakin gadonki tana gaya miki damuwar wata ƙawarta. Mai Fiyano ya ce yawancin aikin a wani gidan haya suka yi shi lokacin kullen korona, ita da mai haɗa mata kiɗa. Ya ce irin wannan ake kira indi: ki rubuta abinki, ki rera da kanki, babu wani babban kamfani a kanki yana gaya miki abin da kasuwa ke so.

Ku tuna ni a sutudiyo abin da aka koya min shi ne "ɗaga, ƙara ɗagawa". Ana son muryar mace ta yi siriri kamar ta 'yan matan fim ɗin Indiya, abin da ya rage kuma Auto-Tune, manhajar gyaran murya, ya ƙarasa. Muryata ta ainihi mai kauri ce. Wani mai sutudiyo ya taɓa ce min in na yi waƙa da ita kamar mai tallan gawayi. Sai ga wata an ba ta kyauta a kan abin da aka ce min in ɓoye.

Da na ba Baba labarin wannan indi ɗin, yana cin tuwo, bai ko ɗago kai ba ya ce, "To ai Ɗan Maraya kenan." Na buɗe baki zan yi musu na rasa ta inda zan fara. Mutum shi kaɗai da kuntiginsa, tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi ba taron makaɗa, yana yi wa karen mota da talakan gari waƙa, kuma a nan cikin Jos ɗinmu ya zauna har ya rasu a watan Yunin 2015. Baba direban tirela ne, yana ɗaukar kayan gwari daga Farin Gada zuwa Legas, waƙoƙin Ɗan Maraya ba sa rabuwa da motarsa. Ni tawa jitar tsirkiya shida gare ta, ina ganin na zo da sabon abu.

Matsalar farko ita ce inda za a ɗauki murya. Kuɗin sutudiyo babu, kuma na rantse ba zan koma inda na fito ba. Mai Fiyano yana da kayan aiki a ɗakinsa, amma duk ɗan Jos ya san abin da nake nufi idan na ce akwai unguwar da kake shiga da rana kawai, akwai wadda ko da ranar ma sai ka yi tunani. Tun rikicin 2001, da na 2008, da na 2010, garin ya rabu, a watan Agustan 2021 ma sai da aka sa dokar hana fita. Umma ba za ta bar ni in je unguwarsu in kai dare ba, shi ma mahaifiyarsa haka. Sai muka yanke cewa zai ara min makirufo da ƙaramin akwatin da ke haɗa shi da kwamfuta, da tsohuwar laftof ɗinsa mai manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio a ciki, ya koya min inda ake dannawa. In ɗauki murya da jita a gida, mu haɗu a Taminus da rana, kusa da kangon babbar kasuwar da ta ƙone a 2002, in ba shi a memori ya je ya ɗora sauran kiɗa. Taminus ta kowa ce. In abin gaggawa ne in tura masa ta WhatsApp, amma ya gargaɗe ni in tura a matsayin takarda, don in aka tura shi a matsayin murya ana matse shi ya lalace.

Irin makirufon nan na sutudiyo ba shi da kunya, har numfashin sauro yana ɗauka. Na gwada a ɗakinmu, ya ɗauko janaretan maƙwabta da kukan ƙanina da Umma tana kankare tukunya. Ɗaki ɗaya ne a gidanmu ya rage na ginin ƙasa, mai kaurin bango da rufin azara a ƙarƙashin kwano, shi ne ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba. 'Yar Zariya ce, an kawo ta Jos tana amarya zamanin da kuza ke tashe. Ita kuma ce ta fi kowa tsanar wannan waƙa tawa. A wurinta waƙa ta maroƙa ce da zabiyoyi, kuma a danginmu ba a taɓa yin zabiya ba.

Na je na durƙusa na ce, "Hajiya, aron ɗaki nake nema da daddare, in kin yi barci."

Ta ce, "Kishiya, mijin kin kasa ƙwacewa, yanzu ɗakin kike so?" Mijin da take magana ya shekara 19 a ƙasa. Ta yi shiru can ta ce, "Ba na son in ji, ba na son in sani. In kika fasa min langa ɗaya sai ubanki ya biya."

Maganar langa ba wasa ba ce. Bango guda na ɗakin jeren kwanoninta ne tun na aure, langa da kwalla da samira, kuma da zarar na bugi jita sai su amsa da wani siririn ƙara. Sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya na cusa tsummoki a ciki, na lulluɓe jeren da barguna. Alhamdu lillahi mutumin Jos ba ya rasa bargo. Na jingina katifa biyu a kusurwa, na zauna a tsakaninsu kamar kaza a akurki. Daga ƙarfe ɗaya na dare zuwa kiran asalatu, lokacina kenan.

Dare na huɗu ne abin ya faru. Ina rera wata waƙa da na rubuta da bakin direba, yana kwana a hanya yana tunanin gida. Layin ya ce, "Dare ya yi min a Lakwaja, ina kewar garinmu." A yadda na tsara karin, murya tana hawa ta tsaya a kan "ga" ɗin garinmu, ta ja shi sosai kafin ta sauko. Wurin ne na fi so a duk waƙar. Na maimaita shi ya kai sau goma. Sai na ji murya daga cikin gidan sauro:

"Ke kishiya, garin me kike kewa haka da tsakar dare? Na masara ko na dawa? In yunwa ce akwai sauran tuwo a kwano."

Na cire abin kunne na yi zuru. Sai da na faɗi kalmar a bakina sau biyu sannan na gane. Garin da mutane ke zaune a ciki, "ga" ɗinsa gajere ne. In ka ja shi, ka koma garin tuwo. A rubutun boko duk ɗaya suke, harafi huɗu, shi ya sa idona bai taɓa gani ba. Kunnena kuwa ya sani sarai, don a magana ban taɓa yin wannan kuskuren ba, ko ɗan shekara uku ba ya yi. Kiɗan ne ya toshe min kunne.

Na ce, "Hajiya, ba kin ce ba kya son ji ba?"

Ta ce, "Ina son ji ne? A kaina kike yi. Ta shekaranjiya ma, wadda kika ce daren jiya kin sha kuka, na so in tambaye ki da daddawa ko babu."

Wannan kuma wata cutar ce daban. Kukan hawaye gaɓoɓinsa biyu a sama suke. Kukar miya ta ƙarshen faɗuwa take yi. Ni kuma a ƙarshen layi na sa kalmar, inda karin waƙar ke gangarowa ƙasa, sai baƙin cikin da na kwana uku ina rubutawa ya koma miyar kuka.

Ban yi barci ba ranar. Da gari ya waye na ɗauko littafin na bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, ina faɗin kowane layi da baki kamar magana, sannan in rera shi. A cikin goman da na zaɓa, bakwai suna da irin wannan ciwo. Na kuma gano daga ina ya fito. Yadda nake haɗa waƙa shi ne in riƙe jita in yi ta "na na na" har wani kari ya zo, karin kuma irin na waƙoƙin Turancin da nake ji ne, sannan in nemo kalmomin Hausa in cusa a ciki kamar ana cusa ƙafa a takalmin aro. Turanci yana yafe wannan, za ka ja kalma yadda ka ga dama ma'anarta tana nan. Hausa ba ta yafewa. Gaɓa ko dai mai nauyi ce ko marar nauyi, kuma a kan wannan aka gina waƙar Hausa tun fil azal, ta baka da rubutacciya.

Azumi ya kama a farkon Afrilu, na rufe makirufo na ajiye. Watan nan gaba ɗaya gyaran kalmomi na yi, kuma da Kaka na yi shi, duk da har gobe ba za ta yarda ta taya ni waƙa ba. Bayan sahur, kafin a kira sallah, sai in zauna a bakin gadonta in karanto layi. Ta sa hannu a gwiwa tana bugawa, dogo, gajere, gajere, dogo. Inda ya karye sai hannun ya tsaya, ta ce, "Nan kin yi tuntuɓe." Ba ta yi boko ba, da ajami take rubuta lissafin adashinta, kuma ita ta nuna min cewa a ajami ana ganin inda ake ja, ga alif ga wawu ga ya, ba kamar namu da ke ɓoye komai ba. Ta haddace baitocin Imfiraji na Aliyu Namangi, makahon malamin nan na garinsu, tun tana yarinya tana jin masu bara suna rera su a ƙofar gida. In ta so nuna min yadda layi ke tafiya daidai sai ta jawo baiti ɗaya a hankali, ta yanke a tsakiya kamar an kama ta da laifi. Na ce mata wata rana, "Hajiya, ashe dai kin iya waƙa." Ta ce, "Wannan wa'azi ne. Ni ba zabiya ba ce. Magana nake gyara miki, kada ki fita duniya ki kunyata mu a ce jikar wance ba ta iya Hausa ba."

Abin da na lura da shi, kuma har yau a kansa nake aiki: hawa da saukar murya tana ɗaga min ƙafa a kansu wani lokaci. In ma'ana ba ta rikice ba sai ta ce wuce, mawaƙa na yin haka. Amma jan abin da ba a ja, ko gajarta abin da ake ja, wannan ko sau ɗaya ba ta bari ya wuce ba. Waƙar direba sai da na sauya karin wurin gaba ɗaya, na mayar da jan kan "ke" na kewa, inda dama dogo ne. Kukan kuma na ɗauke shi daga ƙarshen layi na kai shi tsakiya, inda murya ke sama.

Da na kai wa Mai Fiyano labari ransa ya ɓaci, kuma yana da gaskiyarsa. Ya riga ya gama kiɗan waƙa shida, ya ƙona man janareta a kansu. Ya ce, "Hajiya, wannan abu ba wanda zai ji. Yara kiɗa suke ji. Ka saurari abin da ake sakawa a rediyo mana." Na ce na saurara, har da muryata a ciki, kuma yanzu in na ji wasu kunya nake ji. Muka yi ta ja-in-ja a bakin titi. A gefenmu akwai wani dattijo mai gyaran takalmi, da ka ji Hausarsa ka san mutumin Katsina ne ko ƙetaren iyaka. Na ce, "Baba, don Allah saurari wannan ka gaya mana abin da yarinyar ke cewa." Na sa masa tsohon ɗaukan a kunne. Ya saurara da allura a hannu, fuskarsa a murtuke, can sai ya fashe da dariya har ya ajiye takalmin. Ya ce, "Allah sarki, ta sha kuka. To a ƙara mata da man shanu." Mai Fiyano ya karɓi memorin bai ce komai ba. Bayan kwana biyu ya turo min saƙo: "Turo sabon."

Kuɗi kuma daga bikin mutane suka fito. Bayan ƙaramar sallah aure ya yi yawa, na shiga yin waƙar biki, irin wadda ake jero sunan ango da amarya da iyaye da ƙawaye, a saka a wurin kamu. Na yi guda tara tsakanin Mayu da Yuli. Da ina raina wannan aikin. Amma a cikinsa na lura ban taɓa jan sunan amarya inda ba a ja ba, don na san uwar biki ba za ta biya ba in na mayar mata da 'ya wata. Ashe inda kuɗi yake kunnena a buɗe yake. Da kuɗin na sayi sababbin tsirkiyoyi, na biya wani yaro mai kalangu da ya buga mana a waƙa biyu, na riƙa ba Mai Fiyano na mai da na data. Ladan aikinsa kuwa ya ce sai albam ya kawo wani abu.

Sai damina ta sauka. Wanda bai zauna a Jos a watan Yuli da Agusta ba bai san ruwa ba. Ya fara da la'asar ya kai tsakar dare, wani lokaci da ƙanƙara, kwanon rufi yana ƙara kamar ana jifan gidan. In ya ɗauke kwaɗi su karɓa. In kwaɗi sun yi shiru a ɗauke wuta, batirin laftof ɗin kuma ko minti goma ba ya yi. Akwai makon da ban samu layi ɗaya mai kyau ba. Ranar wata Laraba na dawo daga kasuwa na tarar da batirin mota a ƙofar ɗakin Kaka, da 'yar inbata a kansa, an naɗe wayoyin tsaf. Na tambayi Umma, ta ce yaron motar Baba ne ya kawo. Da Baba ya dawo na je gaishe shi na fara godiya, ya katse ni ya ce, "Ajiya ce na ba Hajiya. Kada a taɓa min." Kaka kuma ta ce ita ba a ba ta ajiyar komai ba. Da batirin nan na ƙarasa albam.

Waƙa ta bakwai da ruwan a cikinta muka bar ta. Yayyafi ne ya fara ina tsakiyar ɗauka, na ƙi tsayawa, da Mai Fiyano ya ji ya ce kada in kuskura in sake. Wadda ta fi ba ni ciwo ita ce ta tara. Na same ta a ɗauka ɗaya, wajen ƙarfe uku na dare, muryata ta zauna yadda ban taɓa jin ta ba. Da ya buɗe ta a kwamfutarsa ya kira ni yana murna, wai wane abin kaɗawa na sa a baya mai "ƙas, ƙas" a hankali, ya dace da bugun kamar an auna. Na saurara. Carbin Kaka ne. Ta farka tana lazimi a cikin gidan sauro, makirufo ya ɗauko. Ya roƙe ni in bar shi. Na kwana biyu ina juya abin, don ni ma na ji daɗinsa. Amma na san matar nan, na san abin da carbinta yake a wurinta, ba zan sa ambaton Allah da take yi a cikin kiɗa ba tare da saninta ba, in kuma na tambaye ta na san amsar. Muka goge. Na sake ɗauka sau 23 a cikin dare huɗu. Wadda ke cikin albam ɗin yanzu ba ta kai ta farkon ba, ni na sani, shi ma ya sani.

A watan Satumba Mai Fiyano ya haɗa sautin, ya daidaita komai. Mun yi faɗa sau ɗaya a kan Auto-Tune, muka rabu a kan zai taɓa wuri uku kawai inda na kauce ƙwarai, sauran a bar numfashina da ƙarar yatsuna a kan tsirkiya. Aka janye yajin aiki muka koma aji da albam a aljihu, waƙa goma, minti 34.

Fitar da shi wani karatun ne. A cikin manhajojin sauraron waƙa, Audiomack kyauta ake ɗorawa, da kanka. Spotify kuwa, da ya shigo Najeriya a Fabrairun 2021, da irinsu Apple Music, ba ka kai musu kai tsaye, sai ta hannun kamfanin dillanci, su kuma da dala ake biyansu. A shekarar bankuna sun rage abin da katin naira ke iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, wasu ma sun rufe gaba ɗaya. Sai wani abokin Mai Fiyano da ke karatu a Ingila ya biya mana, muka ba ƙaninsa naira a nan. Na kuma bi masu tura waƙa a waya na Taminus da Bauchi Road na ba su kyauta, na ce duk wanda ya zo a tura masa, sharaɗina ɗaya, kada a goge sunana daga kan fayil ɗin. Wata Juma'a a watan Disamba, cikin sanyin nan mai fasa leɓe, muka sake shi. Zuwa dare mutum 41 suka saurara. Ina jin na san 30 daga ciki da sunayensu.

Kaka na kai wa farko. Ta ce ba ta son ji. Na kunna a waya na ajiye a kan tabarma na fita wanke-wanke. Da na dawo wayar ta kai waƙa ta shida, tana zaune hannunta a gwiwa. Ta ce, "A ta huɗu akwai inda kika yi tuntuɓe." Na koma na saurara. Akwai.

Baba yana shirin tafiya Legas da lodin kabeji da karas. Na sa albam ɗin a memori na ba yaron motarsa, don ban iya miƙa masa da hannuna ba. Suka yi kwana shida. Da suka dawo Baba ya shigo, muka gaishe shi, ya ci abinci, ya tambayi Umma kuɗin makarantar ƙanina, ya shiga ya kwanta. Ko kallon inda nake bai yi ba. Na shiga ɗaki na sha kuka, na hawaye.

Da safe yaron motar ya zo ɗaukar batirin. Yana ɗaure shi a bayan Keke ya ce, "Anti, don Allah wata waƙar ki yi wa Oga. Tun daga Akwanga ya sa ta direban nan, in ta ƙare ya ce mayar. Har muka tsallake gada muka shiga Lakwaja ita muke ji. Da muka tsaya cin abinci ya kira direbobi ya sa musu, ya ce 'yata ce." Ya ja igiya ya ƙulle. "Ni yanzu ko a barci jin ta nake."

Ina tsaye a ƙofar gida ban gama haɗiye wannan ba wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Wata mata ce, ta ce daga Kano take kira, ta ji waƙa ta bakwai a wayar ƙanwarta, tana son sanin ko ina da manaja. Na waiga na kalli ɗakin Kaka, barguna na nan rataye a kan jere. Abin da na ce mata, da rigimar da aka yi a gidanmu kan sunan da na sa a bangon albam, da yadda ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya yi da taron ƙaddamarwar da muka shirya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.